Kwamfutar hannu ce ta kashe netbuk, ko tun a gida aka karya ta?

Ƙaramar kwamfutata ta farko ba ta kai rajistar aji faɗi ba. Wadda wani ya riga ya yi amfani da ita na saya, baƙa, inci 10, tana shiga jakar takarduna har da sauran wuri. Idan na soka mata modem a gefe, 'yar fitilarsa ta fara ƙyaftawa, ji nake kamar duniya ce a kan cinyata. A kanta na buga takardun neman aiki, a kanta na koyi jera lissafi a Excel, kuma idan aka ɗauke wuta takan yi haƙuri da ni har in gama abin da nake yi. Sai dai fuskarta gajera ce ƙwarai. Wani lokaci akwatin tambaya zai buɗe, maɓallin amincewa yana can ƙasa ya nutse inda ido ba ya kaiwa, sai dai ka yi ta lalube da kibod har ka dace. Idan kuwa ka kuskura ka buɗe shafi huɗu ko biyar a intanet, sai fankarta ta hau kuka, komai ya tsaya cak.

Irin waɗannan kwamfutoci su ake kira netbuk. Sun bayyana a ƙarshen 2007, suka cika shaguna daga Taipei har Landan cikin shekara biyu, zuwa farkon 2013 kuma an daina ƙera su. Bayanin da aka saba bayarwa gajere ne: kwamfutar hannu, wato tabilet, ta zo ta kore su. Akwai gaskiya a ciki, amma ni a ganina rabin labarin ke nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon netbuk waɗanda suka gina shi ne suka bar masa tsaga da gangan.

Asalin abin ma ba daga 'yan kasuwa ya fito ba. A farkon 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT da ke Amurka ya fito da batun kwamfutar dala 100 domin yaran ƙasashe matalauta, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara aka nuna samfurinta a Tunis, Kofi Annan yana wurin. Ita ce 'yar kore da farin nan mai kunnuwa biyu kamar na zomo, wadda aka kai gwaji makarantar firamare ta Galadima a Abuja cikin 2007. Farashinta bai taɓa sauka zuwa dala 100 ba, ya tsaya kusa da 200. Amma ta tona wani asiri da manyan kamfanoni suka so ya zauna a rufe: ashe ana iya haɗa kwamfuta mai aiki da kuɗi kaɗan haka. Kamfanonin Taiwan, waɗanda dama su ne ke haɗa yawancin kwamfutocin cinya na duniya, suka gane karatun. A watan Oktoba na 2007 kamfanin Asus ya fitar da Eee PC, inci 7, nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, ma'ajiyarta giga 4 kacal, tana aiki da babbar manhajar Linux, a kan dala 399. An yi ta ne da yara da masu ƙaramin ƙarfi a zuciya, sai ga manya a Turai da Amurka suna wawaso.

Lokaci ma ya taimaka mata. A 2008 tattalin arzikin duniya ya durƙushe, aljihu ya yi sanyi, wanda da zai sayi kwamfutar dala 1,000 ya koma neman ta 300. Acer ya fito da Aspire One, Samsung da HP da Dell da MSI kowa ya kawo tasa. Zuwa 2009 kusan ɗaya cikin kowace kwamfutar cinya biyar da aka sayar a duniya netbuk ce, kuma da taimakonta ne Acer ya haye gaban Dell ya zama na biyu a duniya wajen sayar da kwamfuta a ƙarshen wannan shekara.

To a nan ne nake so mai karatu ya ɗan dakata da ni, domin nan cutar take. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da wuyan kasuwar kwamfuta a lokacin: Intel mai ƙera ƙwaƙwalwar na'ura, da Microsoft mai Windows. Dukansu biyu netbuk ta zo musu a bazata, kuma dukansu biyu tsoro ɗaya suke ji, kada ƙanwa ta cinye kasuwar yaya. Microsoft yana shirin binne Windows XP ne a tsakiyar 2008 domin kowa ya koma sabuwar Windows mai suna Vista, amma Vista ta fi ƙarfin waɗannan ƙananan na'urori, ga Linux kuma tana shiga gidajen mutane ta ƙofar baya. Sai ya tsawaita ran XP domin netbuk kaɗai, ya sayar wa masu ƙera ta da rahusa sosai, amma da sharaɗi. Ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, kada ta wuce giga 1, fuska kada ta wuce inci 10 da ɗoriya, ma'ajiya ma an yanka mata iyaka. Wanda ya tsallake waɗannan iyakoki ya fita daga rahusa, sai ya biya cikakken kuɗin lasisi. Cikin ɗan lokaci aka kori Linux, fiye da tara cikin goma na netbuk da ake sayarwa a Amurka suka koma Windows. Shi kuma Intel ya fito da Atom a 2008, ƙwaƙwalwa mai araha mai tsimin batir, wadda aka tsara ta yadda ba za ta taɓa yin kafaɗa da kafaɗa da masu tsadar da yake cin ribarsa ta gaske a kansu ba.

Sakamakon haka ya fito fili a kan kanta. Ka shiga shago a 2009 ka ɗaga netbuk goma na kamfanoni goma, kusan abu ɗaya za ka gani a cikinsu: Atom mai gudun gigahaz 1.6, ram giga 1, ma'ajiya giga 160, fuska inci 10 mai ɗigo 1024 a kwance da 600 a tsaye. Wannan 600 ɗin shi ne ya riƙa ɓoye mini maɓalli, domin yawancin manhajoji an zana su ne da tunanin fuskar da ta fi haka tsawo. Tun da ba a yarda kowa ya fi wani inganci ba, gasar da ta rage ita ce ta karya farashi, riba ta yi ta sirancewa har ta kusa ɓacewa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: masu haɗa na'urar suna fama da ribar da ba ta taka kara ta karya ba, masu ƙwaƙwalwa da lasisi suna karɓar nasu a kan kowace ɗaya. Da Windows 7 ta fito a watan Oktoba na 2009, nau'in da aka ware wa netbuk, wanda ake kira Starter, ko hoton bangon fuska ba ya barin mai ita ya canza. Mutum ya sayi abu da guminsa, a hana shi ɗora hoton 'ya'yansa a kai, don kawai a tuna masa cewa mai araha ya saya. Wannan ƙaramin abu ne, amma har yau yana ɓata mini rai, domin yana nuna yadda aka ɗauki mai ƙaramin ƙarfi.

Ita kuwa intanet ba ta tsaya jiran kowa ba. Shafuka suka ƙara nauyi, YouTube ya fara kawo bidiyo mai kaifin hoto wanda Atom ba ta iya ɗauka sai da sarƙewa, Facebook ya cika da hotuna. Na'urar da aka raɗa wa suna da intanet ta zama ita ce ta fi shan wahala a intanet. A gefe guda kuma farashin cikakkun kwamfutocin cinya masu inci 15 yana ta sauka, har tazarar da ke tsakaninsu da netbuk ta koma 'yan daloli da mai saye zai iya cije haƙori ya ƙara.

Akwai wani bincike da kamfanin NPD ya yi a Amurka a tsakiyar 2009 wanda nake ganin ya fi kowane bayani fito da gaskiyar lamarin. Kusan shida cikin goma na waɗanda suka sayi netbuk sun ce ba su taɓa fita da ita daga gida ba. Ka duba fa, na'urar da duk tallarta a kan sauƙin ɗauka ne. Ashe mafi yawan masu sayenta a can ba matafiya ba ne, kuma ba marubuta ba ne. Mutane ne masu babbar kwamfuta a ɗaki, suna son wani abu mara nauyi da za su kishingiɗa da shi a kujera su duba saƙo, su karanta labarai, su kalli bidiyo. Kibod ɗin da ke jikinta kaya ne kawai suke ɗauke da shi.

Waɗannan mutane Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na lokacin, ya hango. Ranar 27 ga Janairu 2010, da ya hau dandamali a San Francisco zai nuna iPad, kwamfutar hannu ta kamfaninsa, sai da ya fara taka netbuk tukuna. Ya ce matsalarta ita ce babu abin da ta fi kowa iyawa, ga nawa, ga fuska mara kyau, kwamfutar cinya ce mai araha kawai. Maganar ɗan kasuwa ce mai tallar hajarsa, amma ta sami wurin zama saboda duk mai netbuk ya san inda take masa ciwo. An fara sayar da iPad ranar 3 ga Afrilu a kan dala 499, wato ta fi yawancin netbuk tsada, amma cikin kwana 28 an sayar da miliyan 1, kafin shekarar ta ƙare an doshi miliyan 15.

Dalilin bai da wuyar ganewa ga duk wanda ya riƙe su biyun. Kwamfutar hannu daga zuriyar waya ta fito, ƙwaƙwalwarta irin ta waya ce, ba fanka, ba zafi, batir ya kai awa 10. Ka taɓa ta ta farka nan take, ba sai ka zauna kana kallon tambari yana juyawa ba. An rubuta manhajojinta daidai da jikinta, ita kuwa netbuk rigar yayanta aka sa mata tana ja a ƙasa. Na ga dattijon da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya buɗe Alƙur'ani a kwamfutar hannu, ya sa yatsu biyu ya buɗa haruffan har suka yi masa daidai da idonsa, ba wanda ya koya masa sai sau ɗaya. Netbuk ba za ta taɓa ba shi wannan ba.

Daga nan abin ya yi sauri. Netbuk ta kai ƙololuwarta a 2010 da sama da miliyan 30 a shekara, a tsakiyar 2011 kwamfutar hannu ta wuce ta a yawan ciniki, zuwa 2012 cinikin netbuk bai kai rabin na da ba. Amazon ya kawo Kindle Fire a kan dala 199 a ƙarshen 2011, Google ya biyo da Nexus 7 a kan wannan farashi a 2012, sai ga shi ko arahar da netbuk ke taƙama da ita an ƙwace. Kuma wa ya ƙera wa Google Nexus 7? Asus, uban netbuk da kansa. Shugaban Acer, Gianfranco Lanci, ya sauka daga kujerarsa a watan Maris na 2011 bayan saɓani da hukumar kamfanin kan inda za a dosa. Dell ya janye a ƙarshen 2011, Asus da Acer suka rufe babin da ƙarewar 2012. Babu wanda ya yi mata kuka a cikinsu, domin dama ba ta kawo musu riba.

Amma batun ƙananan kwamfutocin cinya gaba ɗaya daban ne, kuma a nan ne masu hasashen wancan lokaci suka yi kuskure. Suna ya mutu, buƙata ba ta mutu ba. Wata tara bayan Jobs ya kushe netbuk, a Oktoban 2010, Apple ya fitar da MacBook Air mai inci 11 a kan dala 999, ƙarama, mara nauyi, mai kibod, sai dai ba a daƙile ta ba. Intel ya bi sahu a 2011 da abin da ya kira Ultrabook, har ya ware dala miliyan 300 don tallafa wa masu ƙera ta. Wannan ɓangaren masu kuɗi ke nan. A ɓangaren talaka kuwa magajiyar netbuk ta gaskiya ita ce Chromebook, wadda ta fara fita a tsakiyar 2011, kuma a ƙarshen 2012 ana samun ta Samsung a kan dala 249, ta Acer a kan 199. Ƙaramar na'ura mai araha, mai kibod, mai babbar manhaja mara nauyi da aka gina a kan Linux: wannan ai Eee PC ce ta dawo da sabon suna. Da Microsoft ya ga tana cin kasuwa, a 2014 ya sassauta farashin lasisinsa, sai ga kwamfutocin Windows masu inci 11 a kan dala 200 kamar HP Stream. Abin da aka ce ba zai yiwu ba a 2009 ya yiwu da zarar an sami abokin hamayya.

Ita ma kwamfutar hannu ba ta daɗe a kan gadon sarauta ba. Cinikinta ya kai kusan miliyan 230 a 2014, daga nan ya yi ta gangarowa shekara bayan shekara har ya sauka ƙasa da miliyan 150 a 2019. Abin da ta yi wa netbuk shi waya ta yi mata. Samsung ya fito da Galaxy Note mai inci 5.3 a 2011 ana yi masa dariya, zuwa 2014 Apple da kansa ya fito da iPhone 6 Plus mai inci 5.5, yau kuma wayar inci 6 da rabi ita ce gama-gari. Wanda wayarsa ta ishe shi kallo da karatu, me zai kai shi ɗaukar allo na biyu? Ga shi kuma kwamfutar hannu ba ta saurin tsufa, mutum zai riƙe ɗaya shekara biyar ko shida, idan ya gaji ya miƙa wa yara. Da masu ƙera ta suka nemi mafita, ina suka dosa? Wajen kibod. Microsoft ya fito da Surface a 2012 da kibod a murfinta, Apple ya kawo iPad Pro a 2015 da nata, a 2020 har da wurin jan linzami da yatsa. Idan ka haɗa su ka ajiye a tebur, daga nesa ba za ka bambanta su da ƙaramar kwamfutar cinya ba, sai dai a farashi. Da annobar korona ta zaunar da duniya a gida a 2020, aiki da karatu suka koma ɗaki, an sayi kwamfutar hannu da yawa, amma kwamfutar cinya aka fi rububi, kuma Chromebook kaɗai ta haura miliyan 30 a wannan shekara, adadin da netbuk ta kai a ganiyarta.

Inda wannan muhawara ta fi damuna shi ne makaranta, domin a can ne kuskuren zaɓi ke cin kuɗin jama'a da shekarun yara. Hukumar makarantun Los Angeles ta ƙaddamar da shirin sama da dala biliyan 1 a 2013 don bai wa kowane ɗalibi iPad, shirin ya ruguje cikin shekara biyu, kuma a ƙarshen 2014 Chromebook ta wuce iPad a yawan da makarantun Amurka ke saya. A Kenya an yi wa 'yan aji ɗaya alkawarin kwamfutar cinya a zaɓen 2013, da aka tashi rabawa a 2016 sai ga kwamfutar hannu. Jihar Osun ma ta raba wa ɗaliban sakandare tata, Opon Imo, a 2013, cike da littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa. A matsayin jakar littattafai kwamfutar hannu ba ta da na biyu, kuma inda littafi ke da tsada wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Sai dai yaron da aka ba allo ya iya buɗe abin da wani ya rubuta ne kawai. Wanda aka ba kibod shi ake sa ran wata rana zai rubuta nasa, ya jera lissafi, ya gwada rubuta manhaja. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta tun 2015, kuma sai da ta sauƙaƙa tsarin ya koma maɓallai takwas, saboda ɗimbin ɗalibai ranar jarrabawa ce ranar farko da suke zama gaban kibod da linzami.

Na san za a ce mini ai ana rubutu da waya, kuma gaskiya ne. Marubutanmu, musamman mata, sun rubuta littattafai sukutum da babban yatsa suna sakewa a WhatsApp shafi-shafi, kuma ƙ da ɗ da ɓ sun fi sauƙin samu a kibod ɗin waya fiye da na kwamfuta, inda sai ka yi dabara. Ban raina wannan ba ko kaɗan. A wajenmu ma ai ba kwamfutar hannu ce ta ture netbuk ba, domin yawancin mutane ba su taɓa mallakar ko ɗaya daga ciki ba, daga wayar Nokia suka tsallaka zuwa Tecno da Infinix da Itel. Mai neman kibod da araha kuwa ya koma wa tsofaffin kwamfutocin ofisoshin Turai da Amurka da ake jibgowa, su ThinkPad da Latitude da EliteBook masu inci 12 zuwa 14. Sun fi netbuk ƙarfi nesa ba kusa ba, amma da yawansu batirin ya riga ya gaji kafin su iso, kuma a garin da wuta ke zuwa da ƙa'ida, kwamfutar da ba ta riƙe caji rabin kwamfuta ce. Chromebook kuma an gina ta ne da tunanin intanet ba ta yankewa, alhali mu data da awo muke sayenta.

Don haka gurbin da netbuk ta so cikewa yana nan a buɗe a wajenmu: sabuwar ƙaramar na'ura mai kibod na ƙwarai, mai batirin yini guda, mai aiki ko babu intanet, a farashin da malamin firamare zai iya tarawa cikin 'yan watanni. Fasahar yin ta ta daɗe da samuwa, ƙwaƙwalwar da ke cikin waya mai araha ta yau ta ninka Atom ta 2008 sau da yawa. Kwanakin baya na tsaya a wani shagon buga takardu kusa da wata babbar makaranta, lokacin miƙa furojet. Ɗalibai sun yi layi, kowa da wayarsa mai faɗin tafin hannu, wasu da rubutun a takarda, wasu sun tura wa mai shagon ta WhatsApp. Wata ɗaliba tana tsaye a bayansa tana nuna masa inda zai gyara teburin alƙalumanta, yana bugawa, ana lissafa mata kuɗi a kan kowane shafi, kuma duk gyaran da malaminta ya sake yi sai ta dawo ta sake biya.